Kuɗin Idon Umma

Na ga saƙonninku, 'yan uwa. Na ga na ta'aziyya, na ga na masu tambayar ko lafiya na yi shiru haka. Wallahi ba shariya ba ce. Nakan ɗauki waya in fara rubutu, da na zo inda zan rubuta "Baba" sai in kife ta a kan katifa. Yau dai na ce ko ina kuka sai na ba ku labarin nan, don riƙe shi a ciki ya fara yi mini illa.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni kaɗai iyayena suka haifa, kuma ina koyar da ƙananan yara a wata makarantar reno. Babana kafinta ne. Duk abin zama da na kwanciya a gidanmu aikin hannunsa ne, har ɗan bencin da nake takawa in ɗauko tukunya a saman kanta. Ummata kuwa ciwon hawan jinin ido ya riga ya cinye mata idon hagu, da na dama kaɗai take lallaɓawa. Sai kuma Dogo, mai gyaran firji, wanda ya zo gidanmu gyara ya ƙare da neman aurena. Baba ne ya laƙaba masa sunan, ranar da ya gwara goshi da ƙofar kicin ɗinmu.

Likita ya gaya mana tun bara cewa idon dama yana buƙatar aiki, kuma duk abin da ciwon ya ci ba ya dawowa. Daga ranar Baba ya fara tara kuɗi a banki. Ya daina shan shayi a waje. Takalminsa ya tsage, ya ɗinke abinsa da zaren buhu. Idan Umma ta yi magana sai ya ce, "Ke dai bari in ga kin zare ido kin harare ni kamar da, shi ne ribata."

Wata ranar da yamma ya shigo yana fara'a, garin katako duk a girarsa. Ya ce da ni, "Uwata," haka yake kirana, "kuɗin idon Ummanki sun cika. Har da ɗan canji."

Na yi tsalle kamar ɗalibaina. Umma ta ɗaga hannu tana hamdala. Muka tsayar cewa da zarar ya gama wani kabad da ya karɓi aikinsa, za mu je asibiti mu biya.

Bai gama kabad ɗin ba. A shagonsa ya faɗi, guduma a hannunsa. Kafin maƙwabtansa su kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Bayan masu gaisuwa sun fara raguwa, Goggo, yayar Baba, ta ja ni ɗaki ta tura ƙofa. Ta ciro katin bankin Baba da wayarsa daga cikin jakarta ta danƙa mini.

"Kin san lambar sirrin ko?"

"Na sani, Goggo. Yakan aike ni."

"To gobe ki je ki fara kwasowa kaɗan-kaɗan. Kada ki shiga ciki, kada ki yi magana da kowa. Kina ji na?"

"Ba laifi ba ne kuwa?"

"Laifin me? Kuɗin ubanki ne, idon uwarki ne. Ke dai yi abin da na ce."

Washegari na sa doguwar rigata ruwan toka, wadda ba ta buƙatar guga, na yafa baƙin mayafi na fita. Na bi layi a wurin injin cire kuɗi. Da layi ya zo kaina na zura katin. 'Yan uwa, injin nan sai ya yi mini maraba da cikakken sunan Baba. Ga sunan nan ɓaro-ɓaro, kamar yana tsaye a bayana. Yatsana ya ƙi danna komai. Na ji kamar ina laluben aljihunsa alhali yana kwance. Wani mutum a baya ya ce, "Malama, in ba kya cira ki ba mu wuri." Na zare katin, maimakon in nufi gida sai ƙafata ta kai ni cikin bankin.

A raina na ce ai gaskiya zan faɗa, kuɗin halal ne, me zai hana su ba ni?

Aka nuna mini teburin wata ma'aikaciya mai farin gilashi, ba za ta girme ni da yawa ba. Ta karɓi katin, ta danna kwamfuta, ta ɗago.

"Ina mai asusun?"

Tun da abin ya faru ban taɓa faɗa da bakina ba. Mutane ne ke faɗa, ni ina gyaɗa kai. Na buɗe baki na ce, "Ya rasu." Sai hawaye kamar an kunce famfo.

Ta turo mini kwalin tishu, ta jira na nutsu. Ta ce, "Allah ya ji ƙansa. Ki yi haƙuri da abin da zan gaya miki. Tunda kin sanar da mu, dole in rufe asusun yanzu. Ba shiga, ba fita."

"Ki rufe? Kuɗin aikin idon mahaifiyata ne!"

"Na ji. Kuma gara da ba ki cira da katin ba, don cire kuɗin mamaci da katinsa yana iya jawo miki matsala. Bari in yi miki bayani. Bankinmu yana da iyaka. Idan abin da mamaci ya bari bai kai iyakar ba, takardar shaidar rasuwa da katin shaidarku da sa hannun magada sun isa, cikin 'yan kwanaki mu sallame ku. Idan ya haura, sai kun kawo takarda daga kotu, wadda ta naɗa wanda zai kula da dukiyar."

"Na Baba fa?"

Ta sake kallon kwamfutar. "Ya haura."

"Da nawa?"

Ta rubuta a 'yar takarda ta juyo mini. Wallahi abin da ya haura ɗin bai kai kuɗin cefanen mako ba. Na kalli takardar, na kalle ta.

"To ku cire shi mana. Ku riƙe, na yafe muku. Ku yi sadaka da shi, ku sayi tishu da shi. Ku ba ni sauran."

"Ba a yin haka, 'yar uwa."

"To ku ci shi tara. Ba kullum kuna yankar masa kuɗin saƙo da kuɗin kati ba? Ku yanka yau gaba ɗaya!"

Ta cire gilashinta ta goge. Na lura idonta ya kaɗa. "Da abin da ke ciki ranar da ya rasu ake aiki. Ko manaja ba zai iya taɓawa ba. Da ina da hanya, wallahi da na yi miki."

"Takardar kotun kwana nawa take ɗauka?"

"Ba kwana ba ne. Watanni ne, in an yi sa'a."

Ban san yadda na iso gida ba. Na tarar da Goggo a falo tana ninke tabarmin da aka yi zaman gaisuwa a kansu, Umma tana kan kujerarta ta kusa da taga, wadda Baba ya yi mata da hannuwa masu faɗi don ta riƙa dafawa. Na durƙusa na faɗi komai.

Goggo ta saki tabarma. "Kika ce musu me?"

"Sun tambaye ni ne, Goggo."

"Sun tambaye ki! Da bakinki kika je kika kashe shi a banki? Wa ya aike ki? Na ce kada ki shiga, na ce kada ki yi magana. Ke ga mai gaskiya ko? To ga gaskiyar nan, ki ɗiga wa uwarki a ido!"

"Yaya, ya isa," in ji Umma a hankali.

"Bai isa ba! Ɗan uwana ya hana cikinsa ya tara, yarinya ta je ta miƙa wa masu ɗaurin wuya na banki. Ilimin ke nan?"

Umma ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina. "Uwata ba ta yi laifi ba. Mahaifinta bai taɓa ɗaukar ƙusar wani ba, ba za ta fara da aljihunsa ba."

Wannan kariyar ta fi zagin Goggo yi mini ciwo. Goggo kuwa a ranar ta haɗa jakarta ta koma gidanta, ta ce in na gama gyara duniya in kira ta.

Na fara zaryar kotu. Kowane teburi da abin da yake so: hotuna, shaidu biyu, takardar asibiti, kuɗin rajista. Magatakardan ya ce bayan an shigar, sai an yi sanarwa an jira ko akwai wani mai cewa yana da haƙƙi a dukiyar. Na ce, "Malam, mu biyu ne rak, ni da mahaifiyata, sai 'yar uwar marigayin." Ya ce kowa haka yake faɗa. Shugabar makarantarmu ta fara ɗaure fuska saboda yawan neman izini. Na nemi bashin albashi, abin da aka ba ni maganin ɗigawa na wata guda kawai ya saya.

Duk wannan lokaci Dogo yana tare da ni. Shi ke kai ni kotu a kan babur ɗinsa, jakar kayan aikinsa a tsakaninmu. Amma na lura tun ranar da na gaya masa zancen iyakar nan ya canza. Mutumin da ke cika ni da surutu ya koma "to" da "Allah ya kyauta".

Wata ranar na dawo daga makaranta sai ga saƙonsa.

"Kina gida?"

"Eh. Lafiya?"

"Ina ƙofa. Ki fito don Allah, minti biyu."

"Ka shigo mana ku gaisa da Umma."

"Ba zan iya haɗa ido da ita ba yau."

Na zura silifas na fita. Yana jingine da babur, cikin shuɗiyar rigar aikinsa mai tabon mai a aljihu, yana ta juya makulli a yatsa.

"Akwai maganar da na kasa gaya miki," ya ce. "Ranar da Baba ya ce muku kuɗi sun cika, ni na cika su."

"Ban gane ba."

"Na je shagonsa na tarar yana lissafi a jikin katako, ya ce saura kaɗan. Na ba shi a hannu ya ƙi karɓa, ya ce ba ya cin kuɗin mai neman 'yarsa. Sai na tura masa ta banki, don na san ba zai iya mayarwa cikin sauƙi ba. Na ƙara da ɗan wani abu a kai, na ce na mota da magani. Ya kira ni ya yi ta faɗa, daga baya ya yi dariya ya ce kada in gaya miki." Ya ƙara juya makullin. "Wannan ɗan ƙarin nawa ne ya haurar da shi."

Ya kamata in gode masa, ko ba haka ba? Na sani. Ku zage ni, na cancanta. Amma makonni ina ɗauke da maganar Goggo a ƙirji, ina kwana ina tashi da cewa ni na makantar da uwata. Sai ga wani ya zo ya ce da hannunsa a ciki. Duk abin da na tara na juye masa.

"Wa ya roƙe ka? Baba ya ce ba ya so, me ya sa ba ka bar shi ba? Kullum kai sai ka nuna kana da kirki! Da ka riƙe kuɗinka da yanzu an yi wa Umma aiki!"

Ya dube ni, idonsa ya yi ja.

"Kuma kana kallona ina kuka a bayan babur ɗinka kullum, ka yi shiru?"

"Tsoro nake ji," ya ce.

"To ci gaba da ji."

Na shige gida na bugo ƙofa. Ina jin sa bai tayar da babur ɗin ba, turawa ya yi har ƙarshen layi.

Daga nan shiru. Nakan buɗe wayata in ga yana kan layi, in rubuta "Ka yi haƙuri", in goge. Shi ma sai in ga alamar yana rubutu, can ta ɓace. Girman kai ya riƙe ni, kunya ta riƙe shi.

Ana cikin haka, wata safiya na kawo wa Umma shayi na ajiye a kan ɗan teburin gefenta. Ta miƙa hannu da ƙarfin gwiwa, kamar mai gani, ta kama iska. Ta sake miƙawa, ta ture kofin. Shayi ya malale a kan zanenta mai ruwan ƙasa. Ta yi saurin cewa, "Kai, tsufa! Hannuna ne ke rawa."

Na tsuguna a gabanta. "Umma, wace kalar riga ce a jikina?"

Ta yi murmushi. "Ruwan tokar nan taki mana."

Ja ce a jikina.

"Tun yaushe, Umma?"

"Gefe-gefen ne ya rufe. Tsakiya ina ɗan gani, kamar ta ramin makulli. Ban so in ƙara miki wani nauyin ba."

A ranar na kai ta asibiti. Likitan ya haska idon, ya ajiye fitilarsa, ya kira ni gefe. Ya ce maganin ɗigawa ya daina riƙewa. Akwai gurbi a aikin da za su yi ranar Alhamis da safe. In muna so, sai a biya a kwantar da ita ranar Laraba kafin a tashi daga ofis, kuma ni zan sa hannu. In ya wuce, ba zai yi mini alkawarin za a tarar da abin cetowa ba.

Na koma wurin mai farin gilashi da takardar likita. Ta shiga da ita wurin manaja, ta fito tana girgiza kai. Na koma kotu, magatakarda ya ce lokacin sanarwa bai cika ba. Na kira Goggo, ta yi kuka ta turo abin da take da shi, bai kai ko'ina ba. Na kai kayan aikin Baba kasuwa, zarto da injin goge katako da sauransu, aka yi musu tayin wulaƙanci. Na dawo da su na jera a inda suke.

Ranar Laraba bayan azahar ina zaune a ƙasa kusa da kujerar Umma, na jingina kaina da gwiwarta. Sai aka yi sallama. Muryar mace, ba ta maƙwabta ba.

Mahaifiyar Dogo ce. Sau biyu kacal na taɓa ganinta, kuma duka biyun ba ta sake mini fuska ba. Na san tana da wadda take so ya aura. Ta shigo cikin koren leshi da farin mayafi, ta rungume jaka a ƙirji. Na ce a raina shi ke nan, an zo a sallame ni. Na shimfiɗa mata darduma, na kawo ruwa, na gaishe ta a durƙushe.

Ta gaisa da Umma, ta sake yi mata ta'aziyya. Sannan ta buɗe jakar ta ciro takardar shaidar biya ta asibiti, mai hatimi, ta ajiye a gabana. Sunan Umma ne a jiki. An biya duka.

"Mama, wannan fa?"

"Da safen nan ya je ya biya. Ya ce ku hanzarta kafin su rufe."

"A ina ya samu? Ko babur ɗinsa da shagonsa ya sayar ba za su..."

"Kansa ya sayar," ta ce. "Wani kamfani ne mai manyan ɗakunan sanyi na ajiyar kifi, can bakin teku. Sun daɗe suna nemansa yana ƙi, ya ce ba zai yi nisa da ke ba. Jiya ya sa musu hannu na shekara uku, suka ba shi kuɗin somin aiki. Ba hutu sai an shekara." Ta goge ido da bakin mayafi. "Shi kaɗai ne namiji a wurina. Na yi faɗa, na yi kuka, ya ce ɓarnar da ya yi yake gyarawa. Wace ɓarna ce, ya ƙi faɗa mini. Ke kin sani?"

Na kasa ɗaga kai.

"Ya ce kada in gaya miki sai motarsu ta tashi. Ni kuma na ga ba zan iya ba. Ban zo don ina son ki ba, 'yata, gaskiya nake gaya miki. Na zo ne don yaron nan bai ci abinci ba tun ranar da ya dawo daga ƙofar gidan nan. Ba na so ya tafi da wannan fuskar."

"Yaushe za su tashi?"

"Da la'asar, daga babbar tasha."

Na kalli agogon bango. Babbar tasha tana wancan ƙarshen gari, asibiti yana wannan. Ko da mota a ƙofa, ba zan iya haɗa biyun ba. Asibiti kuma sa hannuna suke jira.

Na ɗauki waya na kira shi. Ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake. Na rubuta, "Don girman Allah ka ɗauka. Ban yi nufin abin da na faɗa ba." Saƙon ya shiga, alamar an karanta ta fito. Ba amsa.

"Uwata," in ji Umma. "Tashi ki je tasha."

"Umma, asibiti..."

"Ido ne, na ga duniya da shi iya gani. Irin yaron nan ba a samun biyu. Je ki, na ce."

Na yunƙura zan miƙe, ni kaina ban san inda zan nufa ba, sai na ji an riƙe ni. Na duba. Bakin Umma yana cewa in tafi, amma hannunta ya damƙe gefen rigata gam, har jijiyoyin bayansa sun tashi, kuma na tabbata ba ta san ta riƙe ba.

A daidai lokacin wayar ta fara ruri a tafin hannuna. Dogo ne.